Masaƙar da ke cikin saniya

A ƙarshen ranin da ya wuce na raka wani dattijo, abokin mahaifina, daga wajen Kachia zuwa Zangon Tudun Wada a nan Kaduna. Farar saniya ya kawo, Bunaji mai dogon ƙaho, wadda ta yi masa haihuwa biyu sannan ta tsaya cak. Shekara guda da rabi ke nan da haihuwarta ta ƙarshe, ga bijimi a garke, amma ko sau ɗaya ba a ga ta tsaya masa ba. Na ce, "Baffa, da an ƙara mata ko da damina ɗaya." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wannan ta zama juya. Ciyawar da take ci gara wata ta ci." Mahauci ya saya. Washegari da asuba na bi ta kwata, na roƙi wanda ya feɗe ta ya ciro mini gidan ƙwanta in gani.

Ya ɗora mini abubuwa biyu a tafin hannu, kowanne bai kai girman dabino ba. Sumul suke, da ɗan tauri, sai 'yan ƙananan ƙuraje masu ruwa kamar ƙwayar gero a jikinsu. Mahaifarta tsaf take, ba ruɓa, ba wari. Da ya ga ina ta juya su, sai ya miƙa hannu ya ɗauko na wata saniya da aka yanka a gefe, mai ƙiba. Wannan ya fi girma, kuma da wani ƙullutu a samansa. Ya sa wuƙa ya raba shi biyu, sai ga tsoka rawaya shar, kamar garin ɗorawa. Tsakanin waɗannan biyun da ke hannuna akwai dukan abin da nake son faɗa: ta biyun masaƙarta na aiki, ta Baffa kuwa an dakatar da aikin ne, kayan aikin duk suna nan. Yunwar rani da shayarwa suka rufe mata ƙofa, kuma ƙofa ce da ake iya buɗewa.

Saniyar da ta balaga, in ba ta da ciki kuma tana cikin ƙoshin lafiya, tana neman bijimi kusan duk kwana 21. Wata takan dawo a kwana 18, wata ta kai 24. Abin da ke riƙe da wannan lissafi wasu sinadarai ne da jiki ke haɗawa ya zuba a cikin jini, su tafi wani sashe da saƙo. Su ake kira homon. Umarni yana sauka daga kai: wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa yana fitar da wani homon mai suna GnRH, shi kuma ya tashi wata 'yar halitta da ke maƙwabtaka da shi, fituwitari, ta saki homon biyu, FSH da LH. Waɗannan su ne 'yan aike zuwa gidan ƙwai. Amma gidan ƙwan ba ɗan amshin shata ba ne. Yana mayar da amsa, kuma amsarsa ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa ta ƙara ko ta rage.

Kowane ƙwai yana zaune ne a cikin wata 'yar jaka mai ruwa, irin ƙurajen nan da na gani. Shi kansa ƙwan ido ba ya ganinsa sosai, don kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da kaɗan ba. Bangon jakar shi ne wurin aiki, kuma ƙwayoyin halitta iri biyu ne suka gina shi. Na waje ana ce musu tika, jijiyoyin jini suna ratsa su. Na ciki, waɗanda ke kewaye da ruwan da ƙwan, ana ce musu giranulosa, kuma jini ba ya kai musu kai tsaye, akwai wata siririyar fata da ta raba su da na waje.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake saƙar gargajiya zai gane rabon aikin nan da nan. Mai kaɗi tana mayar da auduga zare, amma ba ta saƙa. Masaƙi yana mayar da zare zane, amma ba ya kaɗi. A nan audugar ita ce kolestarol, wani nau'in kitse da ke yawo a jini. Ƙwayoyin tika, idan LH ya taɓa su, sukan sarrafa kolestarol su mayar da shi androjin, wato dangin homon na namiji. Nan iyakarsu, ba su da abin ƙarasawa. Androjin ɗin sai ya ratsa siririyar fatar nan ya shiga wurin giranulosa. Su kuma, bisa umarnin FSH, suna da wani sinadari mai suna aromatas da ke juya androjin ya zama isturojin, homon ɗin da ke sa saniya ta nemi namiji. Giranulosa ba su iya yin androjin da kansu, tika ba su iya yin isturojin yadda ake buƙata. Tun a 1959 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Bengt Falck, ya nuna a jikin ɓeraye cewa sai an haɗa ƙwayoyin biyu isturojin ke samuwa, daga baya kuma aka tabbatar da haka a kan ƙwayoyin shanu. Abin yana ba ni mamaki har yanzu: sha'awar da ke sa saniya ta tsaya wa bijimi, daga homon ɗin namiji aka saƙa ta.

Jakunkunan ba ɗai-ɗai suke girma ba. Da aka fara duba cikin shanu da na'urar hoton ciki a ƙarshen shekarun 1980, sai aka ga cewa a kowane zagaye suna tasowa ne rukuni-rukuni, sau biyu ko sau uku. FSH yakan ɗan hau, sai wasu jakunkuna su taso tare. Bayan kamar kwana uku ɗaya takan wuce sauran. A shanun Turai wannan rabuwa tana faruwa ne idan ta kai wajen milimita 8, a shanu masu tozo irin namu kuwa tun tana wajen milimita 6. Yadda take kayar da 'yan uwanta abin lura ne. Giranulosarta suna ƙara yawan isturojin, suna kuma fitar da wani homon mai suna inhibin, su biyun su je su rage FSH a jini. Sauran jakunkunan da FSH suke rayuwa, sai su shanye su mutu. Ita kuwa kafin nan giranulosarta sun koyi amsa kiran LH, don haka ƙarancin FSH bai dame ta ba. Ta wannan hanya ce jaka ɗaya ke tsira, shi ya sa saniya ta saba haifar maraƙi ɗaya, tagwaye sai jefi-jefi.

To, wannan jaka da ta yi nasara ba lallai ta fashe ta saki ƙwai ba. In ta girma a lokacin da rawayar tsokar nan take da ƙarfi, za ta jira, ta gaji, ta shanye, wani rukunin ya taso. Sai wadda ta dace da lokacin da rawayar ta mutu ce take kaiwa ga gaci. A lokacin LH yana fitowa a kai a kai, kusan duk sa'a guda, tika suna ta kaɗi, giranulosa suna ta saƙa, isturojin ya yi ta hawa. Alamomin da makiyayi ya sani duk daga nan suke: saniya ta ƙi zama wuri ɗaya, ta yi ta kuka, ta rage cin abinci, nononta ya ragu, gabanta ya ɗan kumbura, yauƙi fari tas ya riƙa zuba yana manne wa wutsiya, ta hau wasu, sannan babbar alamar, ta tsaya cak idan an hau ta. Da isturojin ya kai wani matsayi, maimakon ya rage LH kamar da, sai ya sa a sako shi gaba ɗaya kamar ambaliya. Kimanin sa'a 24 zuwa 30 bayan fara tsayuwar, jakar ta fashe, ƙwai ya faɗa cikin bututun da ke kai shi mahaifa.

Wannan tazarar tana da amfani ga masu barbarar zamani, wato sanya maniyyin bijimi da hannu. Ƙwai yana fita ne bayan saniya ta daina tsayawa, kuma ba ya daɗewa da rai, sa'o'i kaɗan ne. Maniyyi kuwa yana buƙatar wasu sa'o'i a cikin jikinta kafin ya iya shiga ƙwai. Daga nan aka samo tsohuwar ƙa'idar nan: wadda aka gani da safe a sa mata da yamma, wadda aka gani da yamma a sa mata washegari da safe. Matsalarmu ita ce shanu masu tozo gajeren lokaci suke yi suna tsayawa, sau da yawa ma cikin dare, alamunsu kuma ba su fita fili kamar na shanun Turai. Mai kiwon da ke leƙa garke sau ɗaya da hantsi zai iya rantsuwa cewa saniyarsa ba ta taɓa nema ba, alhali ta yi ta gama tun kafin kiran sallar farko. Bijimi ba ya kuskure wannan. Mutum ne ke kuskurewa.

Bayan fashewar jakar ne abin da ya fi burge ni yake faruwa. Ramin da ta bari yakan cika da jini, siririyar fatar da ta raba tika da giranulosa ta rushe, jijiyoyin jini su kutsa ciki. Ƙwayoyin nan biyu ba su mutu ba, sana'a suka sauya. Giranulosa sun kumbura sun zama manyan ƙwayoyin rawayar tsoka, tika sun zama ƙananan. Dukansu sun bar saƙar isturojin sun koma yin furojestaron, homon ɗin riƙon ciki. Manyan su ne ke yin mafi yawansa ba tare da an tsaya a kansu ba, ƙananan kuma suna ƙara himma idan LH ya taɓa su. A cikin mako guda ramin ya zama ƙullutun da mahaucin nan ya yanka mini, tsoka mai shan jini fiye da yawancin sassan jiki in aka dubi ƙanƙantarta.

Furojestaron yana kwantar da mahaifa, ya sa ta fitar da abincin da ɗan tayi zai sha kafin ya manne, ya toshe bakinta da yauƙi mai kauri, sannan ya danne LH ya koma fitowa sau ɗaya a sa'o'i uku ko huɗu. Muddin yana sama, saniya ba za ta tsaya wa bijimi ba. Daga wajen kwana 5 bayan neman bijimi yake hawa, ya zauna a sama har wajen kwana 16.

A nan ne mahaifa take yanke hukunci. Idan babu ɗan tayi, wajen kwana 16 zuwa 17 bangonta zai fara fitar da wani sinadari, furostagilandin, a guntu-guntu. Manyan ƙwayoyin rawayar tsoka suna da wurin karɓarsa, kuma su da kansu suna fitar da wani homon, oksitosin, da ke ƙara zuga mahaifa ta sake fitarwa. Hanyar da sinadarin yake bi ma abin al'ajabi ce. Da zai zagaya jiki duka, huhu zai lalata mafi yawansa. Sai Allah Ya sa jijiyar da ke kai jini gidan ƙwai ta nannaɗe a jikin jijiyar da ke fitar da jini daga mahaifa, sinadarin ya tsallaka daga wannan zuwa waccan, ya isa inda aka aike shi ta gajeriyar hanya. Cikin kwana ɗaya ko biyu furojestaron ya faɗi, rawayar ta fara shanyewa, jakar da ke jira ta samu sarari, zagaye ya sake.

Idan kuwa akwai ɗan tayi, dole ya sanar da zuwansa kafin wannan rana. A lokacin bai manne ba tukuna, wani dogon abu ne kamar zare da ke miƙewa a cikin mahaifa. Tsakanin kwana 15 da 17 yana fitar da wani sinadari, intaferon-tawu, wanda ke hana mahaifa sakin furostagilandin. Rawayar tsoka ta tsira, ta ci gaba da riƙe cikin, wanda ke ɗaukar wata tara da 'yan kwanaki, wajen kwana 283, na shanu masu tozo ya ɗan ɗara haka. In furojestaron ya yi jinkirin hawa a makon farko, ɗan tayin ba ya girma da wuri, saƙonsa ya zo da rauni, mahaifa ta kashe rawayar, ya mutu. Saniya ta dawo nema a kwana 21 daidai, mai ita ya ce barbarar ba ta kama ba. Ta kama, ɓarewa ta yi tun kafin kowa ya sani, kuma yawancin asarar ciki a shanu a waɗannan makonni uku na farko take faruwa.

Duk wannan tsarin a kan bugun LH ya dogara, shi kuwa bugun LH ƙwaƙwalwa ba ta sakinsa sai ta tabbatar jiki zai iya ɗaukar ciki. Saniyar da ta haihu da kaka a yankin Kaduna, ta shiga hunturu tana shayarwa, ana kuma tatsar ta don a kai nono kasuwa. Ciyawa ta bushe, karan dawa da harawa sun ƙare wajen Fabrairu, ga doguwar tafiya neman ruwa. Abin da take fitarwa ya fi abin da take ci. Ga kuma maraƙi a gindinta, wanda tsotsonsa da ma ganinsa kullum suna danne LH, kuma wannan ya fi tsanani a shanu masu tozo. Jakunkuna suna tasowa, amma tika ba su samun isasshen kira, androjin bai isa ba, giranulosa ba su da zaren saƙa, jakar ta shanye kafin ta kai ko'ina. Babu fashewa, babu rawayar tsoka, babu nema. Abin da na gani a hannuna ke nan ranar nan a kwata. Zafin Maris da Afrilu yana ƙara dagula lamarin, don yana raunana aikin ƙwayoyin jakar da ingancin ƙwan kansa. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa idan ruwa ya sauka, sabuwar ciyawa ta fito, shanu suka murmure, sai garke ya ɗauki barbara. Ko a nan ma akwai abin lura: fashewar farko bayan dogon hutu sau da yawa ba ta zuwa da alama, domin ƙwaƙwalwa tana buƙatar ta fara ɗanɗana furojestaron kafin ta amsa kiran isturojin. Ta biyun ce ake gani.

Cuta ma tana da nata rabon. Sammore, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, yana ramar da saniya ya tsayar da zagayenta, kuma ba banza ba cibiyar binciken wannan cuta ta ƙasa take a nan Kaduna. Bakkale yana sa ɓari a ƙarshen ciki. Idan kuma mahaifa ta ruɓe bayan haihuwa ta tara mugunya, ba ta iya sakin furostagilandin yadda ya kamata, rawayar tsoka ta ƙi mutuwa, saniya ta zauna kamar mai ciki alhali ba komai. Wata kuma jakarta ce ke girma ta ƙi fashewa, ta zama ƙari mai ruwa. A waje duk kamanninsu ɗaya: saniya ba ta haihuwa. A ciki kowace da dalilinta, da maganinta daban.

Wannan ne ya kawo ni kan maganar allura, wadda ita ce ta fi damuna. Yanzu masu kiwon shanun madara a kewayen Kaduna da Zariya sun ƙaru, da yawa suna da ruwa-biyu na Firiziyan (shanun madarar Turai) da Bunaji, irin waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta daɗe tana aiki a kansu. Tare da su aka samu yaɗuwar abin da ake kira allurar neman bijimi. Mafi yawanta furostagilandin ne, kuma aikinsa guda ɗaya tak: kashe rawayar tsoka. In saniya tana da rawaya da ta nuna, za ta nemi bijimi cikin kwana biyu zuwa biyar. In rawayar sabuwa ce, ba ta wuce kwana biyar ba, allurar ba ta taɓa ta. In irin saniyar Baffa ce da ba ta da rawayar sam, ko kwalba goma aka ƙarar a jikinta babu abin da zai motsa. In kuwa tana da ƙaramin ciki da ba a sani ba, har zuwa wajen wata biyar, allurar za ta zubar da shi. Na ga haka da idona a gonar wani maƙwabcina: wani mai sayar da magani ya ba shi ba tare da an duba saniyar ba, kwana uku aka wayi gari da ɗan tayi a ƙasa, ga shi har ya fara siffa. Ranar bai iya karyawa ba. Sinadarin kuma yana ratsa fatar mutum, don haka mace mai ciki da mai ciwon asma bai kamata su taɓa kwalbar ba.

Ba ina kushe magungunan ba ne, suna da amfani ƙwarai a hannun wanda ya sani. Tsarin da aka fito da shi a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka a 1995, mai suna Ovsynch, an gina shi ne kacokan a kan ilimin nan: a yi GnRH a rana ta farko don a fasa jakar da ke nan sabon rukuni ya taso, bayan kwana bakwai a yi furostagilandin a kashe rawaya, bayan kwana biyu a sake GnRH, sannan a sa maniyyi bayan kamar sa'a 16 ko da ba a ga alama ba. Akwai kuma CIDR, wata roba mai ɗauke da furojestaron da ake sanyawa a gaban saniya na kimanin mako guda, tana yin aikin rawayar tsoka na wucin gadi, kuma takan taimaka wajen tayar da wadda zagayenta ya tsaya. Sai dai an fara gwada Ovsynch ne a kan shanun madarar Turai masu cin abinci har su bari. Saniyar da haƙarƙarinta ke ƙirguwa daga nesa ba za ta amsa kamar su ba. Su ma waɗancan da tasu matsalar: yawan cin da suke yi yana sa jini ya yi ta ratsa hanta, hanta ta riƙa share isturojin da furojestaron da sauri, nemansu ya gajarta.

Abin da ya kamata a fara yi ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Likitan dabbobi ko ƙwararren malamin dabbobi yana sa hannu ta dubura ya taɓa mahaifa da gidan ƙwai, cikin mintuna kaɗan ya gaya maka ko akwai ciki, ko rawaya, ko ƙari, ko kuwa komai a kwance yake. In a kwance yake, maganin farko a kwano yake: dusa, angurya, ƙuli-ƙuli, harawar wake ko ta gyaɗa da aka adana tun kaka, gishirin lasa, da maganin tsutsar ciki. A shekarun 1980 masu bincike sun yi aiki da makiyaya a wajen Kachia a kan killace ɗan fili a shuka ciyawar sitailo don a ba masu shayarwa da rani, kuma dabarar ba ta tsufa ba. Rage wa maraƙi tsotso, ko raba shi da uwar na kwana biyu, shi ma yana sakin LH.

Da damina ta yi nisa na koma rugar Baffa. Akwai wata ja-ja a garken da ita ma ta daɗe ba ta haihu ba, ya riga ya sa mata ido don kasuwa. Na ba shi labarin abin da na gani a kwata, na zana masa jaka da rawaya a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya kira ƙaramin ɗansa ya ce daga yau a ware ta a riƙa ba ta dusa da yamma, a kuma riƙa duba ta bayan sallar asuba da bayan magariba, in an ga yauƙi a wutsiyarta a zo a gaya masa.